Abin da na ɓoye bayan tiyatar rage tumbi

Ranar Asabar da ta wuce, a gidan sunan wata 'yar'uwarmu, na hango ɗiyar yayana a kusurwar falo da kwalbar lemo mai gas a hannu, ɗaya hannun kuma riƙe da waya tana ɗaukar fuskarta. Kwananta 12 da tiyatar rage tumbi. Na sani, domin da ni aka je filin jirgi tarbo su ita da uwarta. Kafin in ratsa mata in isa inda take, wata ƙawarta ta miƙo mata faranti da waina biyu da miyar taushe, wai ɗan gutsure ba zai yi komai ba. Na fizge farantin da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har miya ta zuba a kafet ɗin mutane. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Haba Gwaggo, ai na san jikina. Kuma don Allah ki rage murya, dangin wanda zan aura suna nan, ba su sani ba."

Na koma gida ban iya barci ba, saboda maganganun nan biyu nawa ne. Ni na riga ta faɗarsu.

A watan Maris na 2019 aka yi mini aikin a Alƙahira. Ina da shekara 41, nauyina kilo 127, shekarata shida ina shan maganin ciwon suga, gwiwoyina kuma sun kai ni ga yin salla a kan kujera. Irin aikin da aka yi mini shi ne wanda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ta 'yan ƙananan huji a ciki, a ɗinke sauran ya zama siriri kamar ayaba. A makonnin farko abin da yake ɗauka bai kai ƙaramin kofin shayi ba. Ranar sallama aka ba ni takarda: mako biyu ruwa-ruwa kaɗai, mako biyu abinci markaɗaɗɗe, daga nan mai laushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a fara gwada abincin gida. Likitan ya nanata mini cewa dogon ɗinki ne a cikina, kuma bai warke ba don kawai hujin waje sun bushe. Na gyaɗa kai, na ninke takardar na cusa a jaka.

Ban gaya wa kowa ba sai maigida da ƙanwata ɗaya. Sauran na ce musu matsalar mata ce aka duba. Kuma har yau idan na tuna dalilina ba na ganin haukata ƙarara. Wadda ba a taɓa kiranta buhu a gidan biki ba, ba za ta gane ba. Mutanen da suka yi shekaru suna cewa in rage ci, su ne za su juyo su ce na raina halittar Allah, na kwashi kuɗi na kai wa Larabawa don ragwanci. Mu fa mun taso ne a lokacin da idan amarya ba ta murje a gidan miji ba ake cewa wahala take sha. Da na yi ƙibar aka yaba, da ta wuce gona da iri aka zage ni, to wa zan tunkara da labarin na sayar da gwalagwalaina an yanke mini tumbi? Shirun nan ina da hujjarsa. Sai dai shi ya kusa kashe ni.

Kwana 16 da aikin surukata ta zo dubiya da kwanon tuwon shinkafa da miyar kuka, tuƙin hannunta. Tsohuwa ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta zauna a bakin gado ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga na ci, mara lafiya ba ya warkewa da ruwan shayi. Kalma ɗaya ta isa ta raba ni da kwanon nan, ban faɗe ta ba. Na yi loma uku. Ta ukun ta tsaya mini a ƙirji kamar an danna dutse, yawu mai kumfa ya cika mini baki, na yi ta murmushi har ta fita, sannan na rarrafa banɗaki. Allah ya rufa asiri ɗinkin bai ɓalle ba. Amma daga ranar tsoron abinci ya kama ni, kusan duk abin da na haɗiya sai ya dawo. Ina da lambar likitan a WhatsApp. Sau nawa na rubuta saƙo na goge, don kunyar in ce masa na ci tuwo.

Abin da babu wanda ya shirya ni a kansa shi ne kuka. Ɓangaren tumbin da ake cirewa shi ne yake samar da yawancin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, don haka cikina shiru yake, ba ya neman komai. Amma da an idar da sallar isha, lokacin da na saba jawo faranti gabana bayan yara sun kwanta, sai in ji kamar an yi mini rasuwa. Sai a lokacin na gane tun rasuwar Babanmu faranti nake kai wa ƙara. Maigida ya ɓata mini rai, in ci. Yaro ya faɗi jarrabawa, in ci. An biya ni bashi, in ci. Dare ɗaya aka raba ni da wannan aminiyar, ba a ba ni wata ba. Na sha tsayawa a kicin ina shaƙar ƙamshin albasa da daddawa hawaye na zuba. Wata rana na daka wa autata tsawa har ta saki kwano, laifinta kawai tana cin taliya a gabana. Shekararta bakwai a lokacin. Ta daɗe tana ɗaukar abincinta ta tafi bayan ƙofa, kuma wannan ya fi tuwon ci mini rai.

A mako na uku sikeli ya tsaya cak, kwana goma bai motsa ba. Ina hawa sau huɗu a wuni. Na yanke cewa kuɗina sun tafi a banza, ni ce wadda ko wuƙa ba ta yi wa magani. Daga baya na ji cewa wannan tsayawar tana samun mutane da yawa a daidai lokacin nan, jiki ne yake daidaita ruwansa, kuma tana wucewa. Da na tambaya da an gaya mini a minti ɗaya.

Sai ga azumi, 6 ga Mayu, tsakiyar zafin Kano, watana biyu da aiki. Na san Allah ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, tun muna Islamiyya muka haddace ayar a cikin Baƙara. Amma idan ban ɗauka ba za a tambaya, idan aka tambaya kuma asirina zai tonu. Na kuma ce wa kaina ai dama ba cin kirki nake yi ba, mene ne bambancin? Bambancin ruwa ne. Ana so mai irin aikina ta sha aƙalla lita ɗaya da rabi a wuni, kurɓi-kurɓi, ba ta da tumbin da za ta kwankwaɗi kofi biyu a lokacin buɗa-baki. Ranar azumi na huɗu na faɗi a tsakar gida bayan la'asar.

A asibiti, kafin a ɗaura mini ƙarin ruwa, likita ya ga tabon hujin cikina ya tambayi wane aiki aka yi. Surukata tana tsaye a kaina da carbi. Maigida ne ya faɗa. Likitan ya tambayi tun yaushe nake amai, ya sa na taka ƙasa, na ce masa tafin ƙafafuna kamar na taka auduga. Ya ce bitamin B1 ne ya ƙare a jikina, jiki ba ya ajiye shi sai na 'yan makonni, kuma da na ƙara jinkiri zai iya taɓa ƙwaƙwalwa. Da ya fita, tsohuwar nan ta zauna ta yi ta kuka, ta ce, "'Yar nan, da kin gaya mini ai romo zan kawo miki." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ɓoyon ma bai hana surutu ba. Da ramar ta yi sauri, gashina kuma ya fara cika mataji a wata na huɗu, sai aka fara raɗe-raɗin ciwon zamani, wasu suka ce sammu ne. Gaskiyar da na guje wa ta fi abin da aka ƙirƙira mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Yau kilona 84. Na daina shan maganin suga, goshina yana taɓa ƙasa a sujada, kuma duk ranar da na yi sujadar nan sai in ce ko yau aka mayar da ni 2019 zan sake hawa gadon tiyatar. Amma yatsun ƙafata ta hagu har yanzu ba na jinsu sosai, kuma akwai daren da nake cewa da ban je ba.

Na zauna da niyyar rubuta wa yarinyar nan da ire-irenta shawarwari goma. Ba su kai ba. Takardar da aka ba ki, ki bi ta, ba ki san jikinki ba, jikin da kika sani an bar shi a ɗakin tiyata. Lemo mai gas ki manta da shi. Ruwa kurɓi-kurɓi daga safe har dare, amma ba tare da abinci ba, ki bar rabin awa tsakani. Idan lokacin ci ya yi ki fara da mai gina jiki, ana neman aƙalla giram 60 a wuni, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 ne, sai ki yi lissafi: kifi, awara, alale, kindirmo marar suga. Kunu da fura mai zaƙi suna zurarewa ba wahala, shi ya sa suke yaudara. Bitamin ɗinki har ƙarshen rayuwa ne. Kada ki bari mai kemis ya ba ki ibuprofen ko diclofenac, suna ƙwaƙule tumbi. Aman da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu na asibiti ne. Zazzaɓi, ko zuciya mai gudu fiye da 120 a minti, ko ciwo a kafaɗar hagu, wannan a daren za ki tafi, ba sai gari ya waye ba.

Kuma ki faɗa. Wanda za ki aura dole ya sani, domin likitoci suna cewa a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin, danginsa kuwa wata tara za su fara ƙirgawa daga daren kai amarya. Amma ban ce ki faɗa wa duniya ba, mutane ba su da kirki, rabin abin da na ji tsoro ya faru da gaske. Ku yaran yanzu ne ban gane muku ba wallahi. Kin iya ɗora fuskarki a TikTok kina ce wa dubban baƙi shayi da tattaki ne suka rame da ke, wata can ta je ta sayi shayin, amma uwar mijin da za ta zauna a bakin gadonki da kwanon tuwo kin kasa haɗa ido da ita ki faɗi jimla ɗaya. Kowane likitan waya kun yarda da shi, wanda ya buɗe cikinku kuwa kun fi shi sani.

Sikeli kuma ki ba uwarki ta kulle a ɗakinta. Ko da yake ki riƙa hawa sau ɗaya a mako, kada ƙiba ta dawo miki ta bayan gida, don tana dawowa, ni kilo tara ta dawo mini a shekara ta uku. Kukan dare zai zo, kada ki ɗauka rashin godiyar Allah ne. Ki kira mutum. Idan ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, ko kika fara jin rayuwar ta ishe ki, ki gaya wa likita da bakinki kamar yadda za ki faɗi zazzaɓi.

Jiya na tura wa ɗiyar yayan nawa saƙon murya na minti bakwai, na ba ta haƙurin fizge farantin a gaban ƙawayenta. Ta saurara, ba ta amsa ba. Na ɗora romon kaza zan tace in kai mata gobe da safe, na kuma lalubo takardar nan ta 2019 a ƙasan akwati, har yanzu a ninke take yadda na cusa ta a jaka. Uwarta ta ce yau ma yarinyar ta yi amai sau biyu, kuma ta hana a kira likita.