Zanen bango a babban birni: abin da ke kashe shi da wuri

Birnin da ake ta rushewa ana ginawa ba ya rasa bangon da ke zaune fayau: katangar filin da ake jira a gina, ƙarƙashin gadar sama, gefen benen da ya fito sarari bayan an rushe na kusa da shi. A nan masu zane ke baje fasaharsu. Sai dai zane da yawa ba ya kai shekara biyu yake fara ɓarewa, kuma galibi ba hannun mai zanen ba ne da laifi. Tun daga bangon aka yi kuskure.

Sabuwar filastar siminti sai an bar ta kamar kwana 28. Kafin nan tana riƙe da ruwa, ga kuma kaifi irin na soda da ke cin fentin mai har ya yi laushi ya riƙa danƙo. Shi ya sa fentin ruwa na akirilik, wanda aka yi don waje, ya fi dacewa da siminti, domin yana barin bango ya fitar da laimarsa. Tsohon bango kuwa a gwada shi tukuna. A sami leda mai faɗin kamar rabin mita, a manna ta da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In da safe aka ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, akwai ruwa a jikin bangon. Farin gari mai kama da gishiri da ke fitowa a kan filasta shi ma alamar hakan ce. Goge shi da buroshin waya ba ya maganinsa. Sai an gano ta inda ruwan ke shiga, ko indararo ne, ko bututu ya fashe, ko daga ƙasa yake hawowa. Wanda ya shafa fenti a kai, bayan 'yan watanni zai ga ya kumbura yana zubowa ɓawo-ɓawo.

In bango ya bushe, a kankare tsohon fentin da ya saki, a cike tsaga, a wanke ƙura, sannan a yi shafen farko da ke kama filasta. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a bango mai santsi, shafe ɗaya. Mai kaushi yana shan fiye da haka sosai.

Wajen ɗora hoton daga takarda, a raba takardar gida-gida, a raba bangon haka da igiya da garin alli. In santimita 1 a takarda ta zama 10 a bango, fuska ba za ta karkace ba. A riƙa saukowa daga tsani ana tsallaka titi a duba, don mai wucewa a mota daga can zai gani, kuma ƙananan ƙawace-ƙawacen da ake ɓata yini a kansu ba ya ma lura da su. Launukan ƙasa, wato jan ƙasa da ruwan ƙasa da rawaya mai duhu, sun fi jure rana. Ja mai haske da ruwan hoda su ke fara koɗewa. Kada a yi shafe a bangon da rana ta gasa, saman fentin zai bushe kafin ya kama. Ƙasan bangon kuma, wajen mita ɗaya, na fallatsin taɓo ne da masu manna fosta, don haka kar a kai fuska ko rubutu can.

Ko an kiyaye duk wannan, bangon yana da mai shi. A New York ta Amurka, ginin 5Pointz ya shahara da zane-zane har cikin watan Nuwamba na 2013, lokacin da mai ginin ya sa aka shafe su da farin fenti cikin dare, daga baya aka rushe shi aka gina benaye. A 2018 kotu ta ce a biya masu zane 21 diyyar dala miliyan 6.75, amma zanen dai ya tafi. A Berlin ta Jamus kuwa, ragowar katangar da a da ta raba birnin gida biyu, wadda aka yi wa zane a 1990, mai tsawon kilomita 1.3, ta lalace har sai da aka kira masu zanen a 2009 su sake aikinsu, wasu suka ƙi.

Saboda haka kafin a buɗe gwangwanin fenti a rubuta yarjejeniya da mai bango, kowa ya sa hannu: shekara nawa zanen zai zauna, wa zai gyara in ya lalace, kwana nawa za a sanar kafin a shafe ko a rushe, da kuma ko an yarda a yi talla da hotonsa. In bangon na gada ne ko na wata ma'aikata, izinin hukumar birni a rubuce ake karɓarsa, da sa hannu da hatimi.