Abin da na koya daga tafiye-tafiyen Alexander Mackenzie

A shekarata ta biyu ta karatun safiyo aka ba mu aikin nazarin yadda ake zana taswira kafin zuwan tauraron ɗan Adam, ni kuma rabona ya faɗo kan Alexander Mackenzie, ɗan kasuwar fatu daga garin Stornoway a ƙasar Sikotlan. Yana yaro aka kai shi Amurka a 1774, daga baya ya koma Montreal a Kanada, ya shiga cinikin fatar wata dabbar ruwa da ake kira biba, wadda Turawa ke yin huluna da gashinta. Kamfanin da ya yi wa aiki, North West, babbar damuwarsa nisa: kaya kan yi watanni a kwale-kwale kafin su isa Montreal. Da za a samu kogin da ya zarce yamma har Tekun Fasifik, da an huta, an kuma samu hanyar kasuwar Sin.

Wani tsohon ɗan kasuwa, Peter Pond, ya zana taswira da ta nuna akwai irin wannan kogi. Ranar 3 ga Yuni 1789 Mackenzie ya taso daga sansanin Chipewyan da ke gaɓar Tabkin Athabasca da wannan taswira a ransa. Da farko babban kogin da ayarinsa ya samu ya nufi yamma, sai ya karkata arewa, ya kuma ƙi juyowa. A tsakiyar Yuli suka tsinci kansu a bakin Tekun Aktik, ga ƙanƙara a gabansu. Sun koma gida bayan kwana 102 ba tare da rasa ran kowa ba. Kogin yau sunansa yake ɗauke da shi, ko da yake mutanen Dene da ke zaune a bakinsa tun fil'azal Dehcho suke kiransa.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi tsaya mini a rai. Mutum ne da ya riga ya zama mai hannun jari a kamfani, ya kuma yi tafiyar da babu Baturen da ya taɓa yi. Amma ya san inda gizo ke saƙa: yana iya auna nisansa daga arewa zuwa kudu ta hanyar duban tsayin rana, nisan gabas da yamma kuwa bai iya ba, saboda haka ba zai iya ɗora kogin a taswira da tabbaci ba. A 1791 ya bar kasuwancinsa ya tafi Landan, ya zauna ya koyi ilimin taurari da lissafin, ya sayi kayan awo, sannan ya dawo. Na ga mutane da yawa a aikinmu da idan suka kai wani matsayi, tambaya takan zame musu abin kunya. Sabuwar na'ura za ta zo ofis, babba zai ƙi taɓa ta don kada yara su ga bai iya ba, aiki ya lalace a banza. Shi wannan ya ƙetare teku don ya koyi abu guda da ya gane yana da giɓi a kansa.

Ranar 9 ga Mayu 1793 ya sake tashi ta Kogin Peace, shi da mataimakinsa Alexander MacKay, da matuƙa shida, da 'yan ƙasa biyu, a kwale-kwale ɗaya na ɓawon itace. Sun ja shi da igiya a gefen duwatsu, sun ɗauke shi a kafaɗa, ya fashe sun ɗinke. Da suka faɗa kogin da yanzu ake kira Fraser, mutanen Dakelh suka shaida masa cewa gaba akwai kwazazzabai da ruwa mai ƙarfi da ba za su bari ya wuce ba, amma akwai hanyar ƙafa da ta yanke yamma zuwa teku. Hanyar fatauci ce tsohuwa, wadda ake bi ana kawo man wani ɗan ƙaramin kifi daga bakin teku zuwa cikin ƙasa. Ga shi da kayan awonsa sababbi daga Landan, amma ya juya baya ya bi maganarsu. Shekara 15 bayan haka Simon Fraser ya bi kogin har ƙarshe, da kyar ya sha, ya tabbatar da abin da suka faɗa. Ko ayarin fatake na zuwa Gwanja, madugu ke da iko, amma jagaba ke gaba.

Wannan darasi na ci moriyarsa a fili. Na'ura takan gaya mini inda nake tsaye daidai wa daida, amma ba ta san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta ba, ba ta san kukar da kakanni suka yi iyaka da ita ba. Dattijon da ke nuna mini da sandarsa ya sani. Shi ya sa kafin in kafa ƙafafun na'ura nake zama da mai unguwa da masu gonakin maƙwabta, kuma nake rubuta sunan wanda ya nuna mini iyaka a rahotona. A nan na saɓa da Mackenzie. Yawancin waɗanda suka zana masa hanya, suka ciyar da shi kifi, suka ara masa jirgi, bai rubuta sunayensu ba, kuma wannan yana ƙona mini rai. A 1802 shi aka ba sarautar Sir.

Mackenzie ya isa ruwan gishiri a Bella Coola, a gaɓar Tekun Fasifik, ranar 20 ga Yuli 1793. Mutanensa sun tsorata da wasu mazauna gaɓar da suka nuna musu fushi, suna roƙonsa a juya, shi kuwa ya dage sai da ya kammala awonsa, har da duban watannin tauraron Mushtari da dare don gano nisansa daga Greenwich, wurin da ke Landan da ake fara auna gabas da yamma daga gare shi. Sannan ya kwaɓa jan garin fenti da kitse ya rubuta sunansa a jikin dutse, da cewa ya zo daga Kanada ta ƙasa, 22 ga Yuli 1793. Shekara 12 ke nan kafin masu binciken ƙasa na Amurka, Lewis da Clark, su kai tekun. Hanyar tasa ta yi wuya ƙwarai, kamfanin bai iya jigilar fatu ta cikinta ba. Ya buga labarin tafiyar a 1801, ya koma Sikotlan, ya rasu a 1820.