Wai rubutuna ya kwanta hagu

Talata. Na makara. Ihsan ta cusa takalminta ƙafa ɗaya a cikin tukunyar da muke dafa naman Sallah, sai da muka birkice ɗaki kafin ta tuna. Ɗan adaidaita ya ce daga Kabuga zuwa Bompai sai na ƙara masa wani abu, ban da ƙarfin ciniki, na ba shi. Ƙosan Iya dai yau ya yi daɗi, har na sayi na Habu.

Ina shiga ofis na tarar da baƙo a kujerar Habun. Kun san tun da mai sitonmu ya tafi bayan Sallah Oga yake faman neman wanda zai damƙa wa makulli. Mutum 14 suka kawo takarda. Makon jiya ya sa na kira su ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya sake rubuto takardar neman aikinsa da hannu, da biro, a farar takarda marar layi. Ni na ɗauka so yake ya gane wanda ya iya rubutu da wanda mai kwamfuta na bakin titi ya buga wa. Ashe da walakin.

Dakta ake ce wa baƙon. Ban tambaya ko na mene ne ba. Kwat a cikin wannan zafin, jakar fata, rula, da ɗan gilashi irin na masu gyaran agogo. Aikinsa, in ji Oga, ya kalli rubutun mutum ya karanto halinsa: mai amana ne ko mai ɗan hali, mai haƙuri ne ko mai saurin hawa. Oga sai murmushi yake. "Hajiya, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

Mutumin yana da baki, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce sunan ilimin girafoloji, wani limamin coci Bafaranshe mai suna Michon ne ya raɗa masa sunan wajen 1871, kuma tun 1622 wani malami ɗan Italiya, Camillo Baldi, ya yi ɗan littafi a kan gane halin mutum daga wasiƙarsa. Ya ce a Faransa kamfanoni sun daɗe suna neman takardar hannu kafin su ɗauki ma'aikaci. Duk wannan na duba da dare, bai yi ƙarya ba. Malam Isa na akanta ya sunkuyo ya raɗa min: "Bokan boko kenan. Na gargajiya shi zai zana ƙasa, wannan kuwa ke zai sa ki zana da kanki." Da ƙyar na haɗiye dariya.

Sai Oga ya ce a fara gwadawa a kanmu. Kowa layi uku da sa hannu.

Na Habu manyan haruffa ne, ɓaro-ɓaro. Dakta ya ce mai son a san da zuwansa ne. Ofis ya ɗauki shewa, don kun san Habu da shadda da turare. Na Malam Isa ƙanana ne a matse, aka ce mai tsantseni ne da son lissafi. Mutumin da ke zaune da kalkuleta a gabansa da biro a bayan kunne, ko Ihsan za ta faɗi wannan. Har lokacin wasa na ɗauki abin.

Ya zo kan tawa. Ya ɗora rula, ya juya takardar, ya sake juya ta, ya kanga gilashinsa. Ya ɗan jima. Sannan ya ce, "Hajiya, haruffanki duk sun kwanta hagu, kamar dawa bayan iska. Dubi o ɗinki, dubi a ɗinki, duk a rufe ruf. Mai irin wannan hannun ba ta sakin jiki da mutane. Abin da ke cikinta ba ya fitowa. Tana da riƙo. Kuma akwai abin da ya same ta can baya wanda har yau ba ta rabu da shi ba."

Tsit. Sai Oga ya buga tebur: "Ikon Allah! Wallahi haka take."

Maganar Dakta ban damu da ita sosai ba, bai san ni ba, kuɗinsa yake nema. Ta Oga ce ta tsaya min a wuya. Shekara 6 ina buɗe ofishin nan kafin kowa, ni na zauna da matarsa a asibiti kwana biyu lokacin da yake Legas, amma wanda ya gan ni minti goma ya ce ina da riƙo, shi kuma har da rantsuwa. Na yi dariya na ce, "To, Allah ya shirye ni, ranka ya daɗe." Na tashi na je na dafa shayin da ba wanda ya ce yana so.

Ni bahaguwa ce. Waɗanda suka ci abinci da ni ba za su sani ba, don da dama nake ci, da ita nake miƙa abu. Amma ku ba ni wuƙa da albasa ku ga hannun da zai karɓa. A aji ɗaya malamarmu gefen rula take kafa min a gaɓoɓin yatsu duk sanda ta ga fensir a haguna. A gida Inna ta taɓa ɗaure min hannun da ɗankwali a bayana, ba don mugunta ba, tsoro take kada a ce 'yarta ba ta da tarbiyya. Da na koma rubutu da dama sai na riƙa karkata littafin don hannun ya samu hanya, shi ya sa har yau haruffana suke jingina baya. Zancen o kuwa, malamar nan in ta ga bakinsa a buɗe sai ka sake cika shafi. "Rufe masa baki kada ƙuda ya shiga," haka take cewa. Wannan shi ne asirin da gilashin Dakta ya gano. Abin da ya same ni can baya kuma, eh, rula ce. Wa zai kai shekara talatin da ɗoriya a ce babu abin da ya same shi can baya?

Da a nan abin ya tsaya da yanzu na yi barci.

Bayan azahar aka baje takardun masu neman aikin, ni ce mai miƙawa. Dakta yana yin kashi biyu, dama da hagu. Ya zo kan ta yaron nan na Gwale da ya zo intabiyu a kan keke. Rubutunsa mai kauri ne, kowane harafi tsaye shi kaɗai kamar an gina shi, ya danne biro har sawun ya fito ta bayan takardar. Dakta ya shafa bayan da yatsa, ya girgiza kai. "Zafin zuciya. Taurin kai. Irin wannan ba a ba shi makulli." Ya ajiye ta hagu.

Na san hannun nan. Hannun Baba ne, Allah ya jiƙansa. Hannun wanda ya yi shekaru yana tsoma alƙalamin kara a tawada yana jan rubutunmu na Kano mai kauri a kan allo, daga dama zuwa hagu, sai da ya girma ya riƙe biro. Allo ba takarda ba ne, a nan hannu yake koyon nauyi. Yaron da bakinsa ya gaya min ranar intabiyu cewa a tsangaya ya tashi, ya yi hadda, daga baya ya shiga ajin manya har ya kai ga difloma. Ba zan iya rantsewa mai amana ne ba, ban san shi ba. Amma wanda aka horar ya cika allo ba tare da ya tsallake wasali ko ɗigo ɗaya ba, in ba shi ya dace da ƙirga kwalaye ba, to wa? Kuma ita wannan magana tasu ta cewa karkata dama alamar fuskantar gaba da son jama'a ce, karkata hagu kuma noƙewa, ai mutanen da layinsu ke tafiya dama ne suka tsara ta. Wanda ya buɗe ido da ajami, gabansa hagu yake.

Duk wannan yana bakina. Ban faɗa ba. In na yi musu, a ce ga riƙon nan, haushin abin da aka faɗa mata ɗazu take ji. In na yi shiru, a ce ai dama abin da ke cikinta ba ya fitowa. Ta ko'ina an tare ni. Na zaɓi shirun, na miƙa takarda ta gaba.

La'asar, gida, miyar kuɓewa. An ɗauke wuta tun kafin magariba.

Na kwanta da waya ina karance-karance don in huce, sai na ƙara hawa. A 1989 wasu masana biyu a Isra'ila, Neter da Ben-Shakhar, sun tattara bincike 17 da aka yi a kan amfani da wannan abu wajen ɗaukar ma'aikata. Suka ga masu duban rubutun ba su fi wanda bai taɓa koyon sana'ar ba iya hasashen wanda zai yi aiki da kyau. Ɗan abin da suke cankawa ma daga abin da takardar ta ƙunsa yake fitowa, labarin karatun mutum da inda ya yi aiki. In aka ba su rubutun da ba ya ɗauke da labarin mai shi, sai cankar ta watse. Na tuna yadda Dakta yake karanta kowace takarda daga sama har ƙasa kafin ya ɗauko rularsa. Ashe kuma daban yake da aikin masu binciken sa hannun jabu na kotu da banki. Su tambayarsu ita ce wa ya rubuta, ba mene ne halinsa ba.

Wanda ya fi ba ni haushi, don ya taɓa ni, shi ne labarin wani malamin jami'a a Amurka, Forer. A 1948 ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, ya ba kowa sakamako a matsayin nasa shi kaɗai, ya ce su auna yadda ya dace da su, daga sifili zuwa 5. Matsakaicin abin da suka bayar ya kai wajen 4.3. Alhali takarda iri ɗaya ya raba musu, jimlolin ma daga littafin taurari na bakin titi ya kwaso. Wato da Dakta ya karanta wa Habu nawa, ni ya karanta min na Habu, da Oga haka zai buga tebur.

Na karanta wa Baban Ihsan. Ya ce, "Ki ce masa gobe ya zo da gilashinsa asibiti ya duba rubutun likitoci, mu ji ko duk 'yan daba ne." Na yi dariya. Sai ya ƙara, yana juya min baya, "Amma zancen riƙo fa, kin san har yau ba ki daina maganar bikin Ladidi ba." Na ja bargo ban tanka ba.

Ɗazu Ihsan tana aikin gida da fitilar waya, na ga fensirin a hagunta. Makarantarsu sun yi min magana sau biyu. Hannuna har ya miƙa zai canja mata, ban ma san ya tashi ba. Na mayar da shi na gyara mata fitilar.

Gobe ƙarfe 9 Oga yake son sunayen mutum biyar na kashin dama a buge a kan teburinsa. Takardar yaron Gwale tana cikin jakata. Ban san sanda na sa ta ba, ko dai na sani. Gas ma ya kusa ƙarewa.