Talata: adon magana uku a ajin yamma

Ajin yamma na yau bai wuce adon magana uku na Turanci ba: "under the weather", "call it a day" da "pull someone's leg". Ukun sun isa zama ɗaya. In aka jibge ashirin a allo, ɗalibi zai haddace su saboda WAEC, amma ranar da abokin aiki ya jefo masa ɗaya a hira sai ya yi sororo.

Ba a fara da ma'ana ba. An fara da gajeriyar hira ta layi huɗu tsakanin ma'aikata biyu a ofis: ɗaya ya ce jikinsa ba daɗi, "I'm a bit under the weather", ɗayan ya ce to a tashi haka nan, "let's call it a day". Aka karanta sau biyu, aka bar ɗalibai su cinko ma'anar daga yanayin. Sai bayan nan aka yi bayani, aka raba su biyu-biyu na minti goma, kowa ya sa maganar a cikin harkarsa, mai shago da shagonsa, tela da kekensa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomi. Adon magana yana da sashen da ke motsi da wanda ba ya motsi. A "pull someone's leg", wato zolaya, aikatau yana bin lokaci, wakilin suna ma yana sauyawa: "he was pulling my leg". Amma in mutum ɗaya ake zolaya, ƙafar ɗaya ce kullum. "Pulling my legs" ta yaɗu a Nijeriya, kuma mai gyaran jarrabawa ba zai karɓe ta ba. Haka "call it a day", ba a musanya "a" da "the". Dalilin kuskuren a fili yake: ɗalibi yana fassara kalma-kalma a ransa, sai ya gyara abin da ya ga bai yi masa ma'ana ba. Ai mu ma ba ma cewa "cin fuskoki" don an wulaƙanta mutum biyu, "cin fuska" ce dai.

Abin da na fi damuwa da shi, wanda jerin da ke cikin littafi ba ya koyarwa, shi ne muhalli. "Under the weather" ta mura ce da ciwon kai da kasala, ba a faɗarta ga wanda ke kwance a asibiti. Wata ɗaliba ta tambaya ko "kick the bucket" na nufin mutuwa. E, mutuwa take nufi, amma da sigar wasa, kuma faɗarta a wajen ta'aziyya rashin ladabi ne babba.

Aikin gida: kowa ya saurari hira ta Turanci a rediyo, ya rubuto adon magana ɗaya tare da jumlar da ta zo kafinsa da wadda ta biyo baya, da kuma wa ya faɗa wa wa. Ranar Alhamis da nasu za a fara.