Tabon Mma a gilashin baya

Alhamis.

Tun da na farka na san yau ranar goge tankin kifayena na ruwan gishiri ce. Baƙin Aboabo jibi za su iso, kuma Maman Auta ta faɗa mini har sau biyu cewa gilashin baya ya yi kore shar, kada mutanen Kumasi su shigo falo su ga abin a haka. Gaskiyarta. Sati uku ke nan ina kallonsa ina cewa gobe.

Koko da ƙosai a bakin masallaci. Shago har ƙarfe ɗaya, ciniki sama-sama. Motar haya ta trotro daga Sakul, cunkoso kamar kullum. Na shigo Nima, unguwarmu a Accra, kafin la'asar, raina fes, har da tsarabar lemo.

Gilashin gaba da na gefe ba sa ba ni wahala. Maganaɗisun gogewa na nan manne, kullum da safe in ja shi sau biyar shida, in dai na duba babu ƙwayar yashi a ƙarƙashinsa, don ƙwaya ɗaya ta isa ta zana layi a gilashi har abada. Na baya ne matsalar. Tankin yana jingine da bango, maganaɗisu ba ya shiga ta can, ga duwatsu jibge a gabansa. Sai dai mutum ya hau kujera, ya zura hannu har hammata cikin ruwa mai zurfin santimita 50, yana lalube ta bayan murjani ba tare da ya ture ko ɗaya ba.

Na haɗa sabon ruwa tun jiya da daddare, lita 30, gishiri kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, famfo na juya shi har safe. Ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025, daidai da na cikin tanki. Na wanke hannuna da ruwa zalla ba sabulu, na sa safar roba, na kashe famfunan ciki, na ɗaura sabuwar reza a kan sandar. Auta ya riƙe mini tiyo da bokiti, domin duk abin da na kankare a zuƙe shi nan take. In aka bar shi ya watsu, ruɓewa zai yi ya koma taki ga wata gansakukar.

Koren ya fita da sauƙi, yana naɗewa a bakin reza kamar ɓawon ɗanyen tumatir. Na san abin da ya kawo shi: Auta yana ƙara wa kifayenmu, Sarauniya da Dogari, abinci in ba na nan, ga ranar yamma da ke shigowa ta tagar nan tun da aka cire labule don wanki. Abinci ya yi yawa, fosfet da nitiret, takin gansakuka, su hau, haske ya samu, shi ke nan. Ina kankara ina jin daɗi, baƙin fentin bayan gilashin yana fitowa tas, launin kifayen yana ƙara haske a kansa. Da na iso kusurwar hagu ta sama, reza ta ci karo da shunayyar nan mai tauri. Na danna da ƙarfi. Ta yi ƙaras-ƙaras, ta farfashe, gutsattsarin suka yi ƙasa kamar ɓawon ƙwai. Ko minti ɗaya ban yi a kanta ba. Na sauko daga kujera, na ja baya na kalli aikina, na ce wa Auta yau kam tanki ya yi ango.

Bayan la'asar Mma ta fito da carbinta ta zauna a kujerarta. Kun san wurin, gefen hagu, inda fanka ke kaiwa. Ina ɗauraye reza da ruwan famfo kada ta yi tsatsa, sai na ji ta yi shiru irin wanda ba na tasbihi ba.

Ta ce, "Kai, ina lallena?"

Ni ɗan fari ne, Mma ba ta kama sunana, "kai" ɗin nan shi ne sunan. Na ce wane lalle, Mma?

Ta ɗaga carbin ta nuna kusurwar. "Wanda ke can sama. Mai ruwan shuni."

Na ce na kankare shi tare da dattin, baƙi za su zo.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, lokacin da ta fara ganinsa bai fi ƙwayar dawa ba, kuma azumin bara ne, don tana zaune a nan tana jiran kiran sallah ta hango shi. Da babbar sallah ya kai farcen ɗan yatsa. Da ta dawo daga jinyar ƙafarta ta tarar ya kai kwabon sidi ɗaya, har ya yi farin baki a zagaye. Kwanan nan kuma wani ƙarami ya fito a gefensa, tana jira ta ga ranar da za su haɗe. Ta ce saura kaɗan, bai fi faɗin tsinken ashana ba tsakaninsu.

Wallahi ban san tana kallonsa ba. Fiye da shekara tana zama a kujerar nan kullum, ni a zatona kifayen take kallo, ko kuwa iskar fanka ce ta kawo ta. Ni da nake auna ruwan nan duk sati, nake rubuta kalsiyam 420, zafi 26, a littafi, ban taɓa lura da cewa tabo biyu ne a kusurwar ba. Shunayya kawai na gani a inda nake son baƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san abin da na kankare. Ita ma gansakuka ce, amma ba irin koren ba. Dangin jar gansakuka ce da ke tara alli a jikinta, tana jan kalsiyam daga ruwa kamar yadda murjani ke yi, shi ya sa take da tauri kamar siminti. A cikin teku ita ce ke ɗinke ɓaraguzan murjani su zama dutse ɗaya. Ba ta yaɗuwa a tankin da ruwansa ke hawa da sauka, sai wanda ya zauna daidai wata da watanni, kuma inda ta kama, koren ba ya samun wurin zama da sauƙi. Masu kiwo da yawa da gangan suke barin gilashin baya ta rufe shi ruf. Ni kaina na sha gaya wa masu tambayata haka. Farin bakin da Mma ta gani, nan ne take girma. Duk na san wannan, kuma na danna reza saboda mutane huɗu da za su kwana biyu su koma.

Na durƙusa kusa da ita na ce ta yi haƙuri. Na ce mata gutsattsarin da suka zube ba su mutu ba, in na bar injin kumfa mai tace dattin ruwa a kashe na ɗan lokaci ruwa zai kwashe su ya kai ko'ina, kowanne zai iya kama wuri ya tsiro, nan gaba ma sai ta ga tabo goma maimakon ɗaya. Wannan gaskiya ne, haka ake shuka ta a sabon tanki.

Ta ce, "Allah ya sa." Ta ja carbi biyu uku. Sai ta ƙara da cewa, "Amma wancan na sani."

Ba ta sake maganar ba. Ta tambayi Maman Auta ko an jiƙa waken waakyen Asabar, wato shinkafa da wake, ta ce a nemo karan dafi mai kyau a kasuwar Nima tun gobe, kada a bari sai ranar. Da aka kira magariba ta tashi ta shiga ɗaki. Yawanci takan tsaya har fitilar tanki ta koma shuɗiya, don tana son ganin yadda murjanin nan kore ke ƙyalli a lokacin. Tun ranar da na kawo shi take mamakin wai murjanin da ta sani a wuyan amare dabba ce mai rai. Yau ba ta tsaya ba.

Maman Auta ta ce kada in ɗora wa kaina, ita ce ta matsa. Na ce a'a, kore ta ce in cire, ba ta ce shunayya ba.

Kawu ya leƙo bayan isha'i karɓar cajarsa. Ya ga bokitin gishiri, ya sake tambayar nan tasa: teku na nan Osu, gishiri na nan Ada jibge a tafkin Songor, me ya sa nake sayen na waje? Na ce na Ada na miya ne, an shanya shi, yawancin kalsiyam da magniziyam ɗin da murjani ke bukata ba sa cikinsa. Ruwan bakin teku kuma, ya je ya tsaya inda kogin Odaw ke zuba cikin tafkin Korle ya ga ƙazantar da idonsa. Kullum nakan ja zancen nan da shi har mu yi dariya. Yau a taƙaice na amsa, ya kalle ni ya ce lafiya, na ce lafiya lau.

Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe tara, minti arba'in. Famfon batir ya riƙe. Zafi bai wuce 27 ba.

Da kowa ya kwanta na ɗauko tocila na dawo falo. Ban taɓa zama a kujerar Mma ba sai yau. Daga nan ashe duwatsu suna rufe rabin tankin, kifayen ma sai sun zagayo ake ganinsu, amma kusurwar hagu ta sama tana tsaye a gaban ido sosai, ba abin da ya tare ta. Na haska. Katantanwa biyu sun riga sun hau gilashin suna neman abin ci a inda na share. Ƙananan halittun nan farare masu kama da ƙuma, da ke ɓuya cikin gansakuka da dare, ba su da yawa kamar da.

A jikin silikon ɗin kusurwar, inda nake tsoron kai reza kada in yanka haɗin gilashi ruwa ya fara yoyo, akwai ɗan siririn shunayya da ya rage. Tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na matsa kusa na duba gefensa da kyau, akwai fari kaɗan a bakin. Ban sani ba ko na babban ne ko na ƙaramin.

Injin kumfa yana kashe har yanzu, sai da safe zan kunna. Gobe in mayar da labule, in ɓoye gwangwanin abinci a saman kabad inda hannun Auta ba ya kaiwa. Ina ta tunanin ko in nuna wa Mma ɗan abin da ya rage bayan asuba, ko in bari ta gano shi da kanta daga kujerarta.