Kwas Ɗin da Na Maimaita a Sashen Falsafa

Yanzu da na kammala karatun falsafa, ɗaliban da ke bayanmu sukan tambaye ni daga wane reshe ya kamata su fara. Nakan ce su fara da mandiƙi, ilimin da ke rarrabe ingantacciyar hujja da gurguwa, wanda masanin falsafar Girka Aristotil ya fara tsara ƙa'idojinsa, domin shi ne zai ba su ƙafar tsayawa ranar da suka haɗu da irin malamin da na haɗu da shi.

Kwas ɗin na nazarin sani ne, reshen da ke bincikar mene ne sani da kuma abin da ya bambanta shi da zato. Malamin ya koya mana tsohuwar ma'anar da ke cewa sani yana cika da sharuɗɗa uku: mutum ya yarda da abu, abin ya kasance gaskiya, kuma yana da hujjar yarda da shi. Da aka ce mu tattauna wannan ma'ana a jarrabawa, na kawo ta cikakkiya, sannan na ƙara da cewa masanin falsafa Edmund Gettier ya nuna a wata gajeriyar maƙala ta 1963 cewa sharuɗɗan ba su wadatar ba. Na kawo misalin agogo da masanin falsafa Bertrand Russell ya bayar: mutum ya dubi agogon da ya tsaya tun jiya a kan ƙarfe biyu, aka yi katari a lokacin ƙarfe biyun ne daidai. Ya yarda, abin gaskiya ne, hujjarsa kuma ba ta da laifi tunda bai san agogon ya mutu ba, amma babu mai adalcin da zai ce ya san lokaci, dacewa kawai ya yi.

Malamin ya kayar da ni. Da na same shi a ofis, bai nuna mini inda hujjar ta karye ba, sai ya ce wannan ba ya cikin takardun lakcarsa, ya kuma tambaye ni wa ya fi sani tsakanina da shi. A mandiƙi wannan kuskure ne sananne, wato jingina da matsayin mai magana a maimakon ƙarfin maganarsa, kuma har yau yana yi mini ciwo cewa daga bakin malamin falsafa na ji shi. Sai da na maimaita kwas ɗin, sakamakona na ƙarshe kuma bai farfaɗo daga wannan ba.

Sai a reshen nazarin haƙiƙar samuwa, mai bincikar asali da yanayin duk abin da ke akwai, na ga yadda masana ke yin saɓani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya karanci ra'ayoyin masana falsafa irin su Ibn Sina sosai kafin ya soke su a mas'aloli 20, ciki har da batun ko duniya tana da farko. Ibn Rushd, da ya rasu a 1198, ya bi maganganun Gazali ɗaya bayan ɗaya yana ba da amsa. Kowannensu ya ɗauki abokin jayayyarsa da muhimmancin da ya isa ya karanta shi, abin da takardata ba ta samu ba.

Ilimin ɗa'a ya koya mini cewa masanin falsafa Immanuel Kant yana auna aiki da wajibi, John Stuart Mill kuma da sakamako, kuma mutanen kirki suna iya rabuwa a nan. Falsafar siyasa ta sa na riƙa tambayar daga ina mai iko ya samo ikonsa. Nazarin kyau kuwa ban ba shi haƙƙinsa ba, lokacin ya tafi wajen maimaita kwas.

Ɗalibin da ya tabbata an zalunce shi a maki kada ya tsaya a ofishin malami. Ya rubuta wa shugaban sashe takarda yana neman wani malamin ya sake duba amsarsa, ya kuma yi hakan kafin wa'adin ƙorafi ya wuce, domin ni babu wanda ya gaya mini wannan hanya tana nan sai bayan an rufe ta.