Harsashi marar wuya, da kafaɗar ƙanina a Ohayo

Ƙarshen watan Nuwamban da ya wuce ina zaune wajen mai shayinmu na Unguwar Rimi bayan isha'i, sanyin hunturu ya fara shigowa kowa ya ƙudundune, sai ga kiran bidiyo daga ƙanina da ke aiki a Kolombus ta jihar Ohayo can Amurka. Tsakaninmu awa 6 ne a lokacin sanyi, wato shi a wajensa rana ce tsaka. Ina ɗagawa na gan shi cikin daji sanye da wata riga ruwan lemo mai ɗaukar ido kamar ta masu gyaran titi, ga hula ita ma haka, yana ta washe baki, a gabansa ga wata barewa kwance. Nace kai lafiya, yaushe ka zama maharbi, kai da ko kaza Inna ce take kama maka kafin ka yanka? Yace Yaya wallahi ni na harbe ta, harbi ɗaya. Duk majalisa aka taso aka leƙo waya.

Abin da ya sa na yi mamaki shi ne na san tarihinsa da bindiga. Shekarar da ya fara bin abokan aikinsa filin koyon harbi, bindigar da suka ba shi irin dabal-baral ɗin nan ce tamu, sai dai mai baki ɗaya, lamba 12, kuma maimakon ƙananan ƙwayoyin dalma da muka sani a cikin katirij ɗin, nasu dunƙulen dalma ne guda ɗaya mai nauyin giram 28. Yaron nan siriri ne kamar sillen kara. Yana danna kunama bindiga ta tokare shi, madubin saitin da ke samanta ya sare shi a gira, kafaɗa ta yi baƙi kusan sati biyu ko ɗaga hannu a kabbara sai da dabara. Ya rantse ya bar harkar. To ga shi kuma yanzu da barewa a gaba. Yace ai canza bindiga da harsashi ya yi, wanda ya yi amfani da shi sunansa .350 Legend, bugunsa a kafaɗa kamar aboki ya dafa ka ne da ɗan ƙarfi. Daga nan na shiga bin diddigin abin, don ni mutum ne da in abu ya shige min kai sai na ga ƙarshensa.

Ka ɗauki kwanson harsashin raifil irin wanda muka saba gani a hoto, za ka ga fasalin kwalbar lemo gare shi, ciki mai faɗi sai kafaɗa sai siririn wuya inda ƙwayar take zaune. Cikin nan mai faɗi albarushi ne cike, duk ƙarfinsa kuma ƙaramar ƙwaya yake turawa, shi ya sa take fita da mugun gudu ta yi nisa. Shi kuwa wanda ƙanina yake magana a kai ba shi da wuya sam, kwanson a miƙe yake tun daga gindi har baki kamar gwangwanin madara da aka ja shi ya yi tsawo. Faɗin ƙwayar kusan faɗin kwanson ne, wurin albarushi kaɗan ne in ka gwada da girman abin da zai tura, saboda haka ƙwayar mai kauri ce, gudunta bai kai na waccan ba, kuma tana wuce yadi 200 ta fara sunkuyawa ƙasa sosai.

Da farko na ɗauka wani sabon ilimi ne aka gano na kashe barewa. Ashe ba haka ba ne, doka ce ta haifi kasuwar. Jihohin tsakiyar Amurka irin su Ohayo da Ayowa da Indiyana da kudancin Mishigan ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin masara da waken suya, gidan manomi nan wani can, babu tudun da zai tare harsashi in an yi kuskure. Shekara da shekaru hukumominsu sun hana farautar barewa da raifil mai dogon zango, sai dai waccan mai dunƙulen dalma ko bindigar ɗuri ta baki, wato ƴar'uwar adakar kakanninmu. A 2014 Ohayo ta buɗe ƙofa tace an yarda da raifil amma sai mai miƙaƙƙen kwanso, Mishigan ma a shekarar ta yi haka a yankinta na kudu, Ayowa ta biyo baya a 2017. Ita Mishigan har awo ta saka, faɗin ƙwaya daga .35 na inci zuwa sama, tsawon kwanso kada ya gaza inci 1.16 kada kuma ya wuce 1.8.

To kamfanonin harsashi ai ƴan kasuwa ne, kamar telan Kasuwar Barci ne da aka kawo wa awo, sai ya yanka yadi daidai jiki. A 2019 Winchester ta fito da .350 Legend, tsawon kwansonsa inci 1.71, ka ga ya shige cikin awon Mishigan ba tare da ya taɓa gefe ba. Abin da ya fi burge ni kenan a duk labarin, da ma'aunin doka a hannu aka zana shi. Ƙwayar da aka fi sayarwa ta kusa giram 10, tana fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa. Kamfanin da kansa yana tallar cewa bugunsa bai kai na .243 Winchester ba, wanda dama shi ake ba yara da masu fara koyo a jihohin da babu wannan doka. Talla dai talla ce, amma kafaɗar ƙanina ta ba da shaida.

Lissafin bugun nan ba wani boyayyen abu ba ne. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba shi ne yake tura bindiga baya, ƙwaya mai nauyi da albarushi mai yawa su ne duka mai zafi, bindiga mai nauyi kuma tana shanye wani abu daga ciki kafin ya iso gare ka. Ka gwada giram 28 na dunƙulen dalma da giram 10, ba sai an kira malamin fiziks ba. Akwai babban yayan .350 ɗin, wato .450 Bushmaster, da ya fito tun 2007, shi ma kwanso miƙe kuma ya shiga awon, ƙwayarsa wajen giram 16, yana kayar da dabba ba wasa amma yana dukan mai shi fiye da ninki biyu na ɗan ƙaramin. Kafin 2019 shi ne ya cika kasuwar Mishigan. Tsohonsu duka kuwa .45-70 ne, harsashin sojan Amurka na 1873, har yau ana yin sa, Ohayo ta yarda da shi amma a kudancin Mishigan kwansonsa ya wuce inci 2, ya faɗi awo. A 2023 aka ƙaro biyu, kamfanonin Remington da Henry suka yi .360 Buckhammer, Winchester ta sake fitowa da .400 Legend don masu cewa .350 ɗin ya yi musu sanyi. Akwai kuma masu saka harsashin fistol irin .357 da .44 Magnum a doguwar bindiga, bugu kaɗan ne amma sai ka matso kusa, yadi 100 ko ƙasa.

Wani a majalisa, tsohon soja ne, yace shi duk wannan ragwanci ne, namiji ai ya ɗauki bindigar da za ta girgiza shi. Na yi masa shiru saboda girma amma ban yarda ba. Na tuna Baffanmu Allah ya jiƙansa, maharbi ne na gaske a ƙauyenmu ta wajen Birnin Gwari tun lokacin da dajin nan ake shiga a fito lafiya, gada da mazo da gwanki duk ya kawo gida. Adaka ce da shi ta maƙera, da hannu yake auna albarushi ya ɗura ya danna da tsumma. Yaran da ke binsa kullum so suke su cika ɗuri don ƙara ta yi yawa a ji su a gari, shi kuma sai ya ƙwace ya rage. Na taɓa jin yana faɗa wa wani cewa wanda bindiga ta taɓa mara, ido yake rufewa kafin ta tashi. A lokacin ban gane ba. Sai da ƙanina ya ba ni labarin yadda bayan saran girar nan, ko bindiga babu harsashi aka ba shi yana taɓa kunama sai ya zabura baki ya yi ƙasa, jikinsa ya riga ya koyi tsoro ba da saninsa ba. Maharbin da ke zabura kuwa a ciki ko a cinya zai sami dabba, ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta, ga asara ga alhaki.

Kuma barewar tasu mai farar wutsiya ba wata giwa ba ce, fatarta ba kauri, in ƙwaya ta shiga bayan kafaɗa ta sami huhu magana ta ƙare. Ba irin tamu ba ce ma, namijin ƙahonsa rassa ne kamar busasshen reshe, yana zubar da shi duk shekara wani ya fito. Yawancin harbin da suke yi a bakin gona ko cikin kurmi bai kai yadi 150 ba, ina amfanin harsashin da zai je wani gari?

Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce a nemo. Mu nan Kaduna kalmar bindiga ba daɗin ji gare ta ba a shekarun nan, kowa ya san abin da hanyar Birnin Gwari ta zama, dajin Kamuku da aka keɓe don namun daji ma wa ke zancen zuwa kallo. Dokar makamai ta 1959 tana nan, ko ta farauta sai da lasisi. Su can abin a tsare yake, ƙanina sai da ya yi kwas ya sayi lasisi da takardar izinin barewa, lokacin bindiga na Ohayo sati ɗaya ne da ke farawa ranar Litinin bayan bikinsu na godiya na ƙarshen Nuwamba sai ƴan kwanaki da ake ƙarawa daga baya, rigar lemon nan dole ce don kada wani ya ɗauke ka dabba, harsashi uku kacal aka yarda ka saka, in ka kashe kuma sai ka yi rajistarta.

Ni tambayar da na fara yi masa ma ba ta harsashi ba ce, cewa na yi ka yi bismillah kuwa? Yace ya yi kafin ya danna, kuma da ya iso ya tarar da sauran motsi sai ya sa wuƙa ya yanka, abokan nasa Turawa suna tsaye suna kallon ikon Allah. Naman ya cika firiza, matarsa ta yi dambu da wani, ya gwada kilishi a oven ya ƙone tire guda. Yanzu damuna yake in sami mai tafiya in aika masa yajin kilishi da ƙuli-ƙuli, na ce sai dai ya bari bayan sallah, kuma ya turo kuɗin da kansa.